Awa Uku a Littafin Tsuntsaye

Litinin, 19 ga Oktoba 1964, ƙarfe shida da rabi na safe

Balbela goma sha huɗu. Zalɓe ɗaya. Kurciyoyi ban ƙirga ba.

Kwana shida ke nan da jandarma suka tafi da Alkasum, kwana uku da suka maido ni. Wannan kayen, littafin rubutu, na wani ɗan aji biyu ne, na yage shafukan lissafin da ke gabansa. Ƙirga tsuntsaye ba aikina ba ne, na Alkasum ne. Shi ke koyar da ilimin halittu, ni lissafi, kuma ina bin sa tafki ne kawai don ba ni da abin yi kafin a buga ƙararrawa. Amma shekara biyu yana rubuta su kowace safiya, ba na so ya dawo ya tarar an bari.

Tafkin ma suna ne muka ba shi. Rami ne da aka haƙa aka buga tubalin gina lakwal ɗin nan, makarantarmu ta kwana, damina ke cika shi. Taku ɗari da ashirin ka zagaye shi. Bagaruwa uku a gefen gabas, wayar shinge a kudu, bayanta gonakin dawa, can gaba hanyar motar Ƙonni da Malbaza.

An sallami 'yan lakwal, kowa ya koma garinsu. Dirakta ya karanta mana takarda: babu malamin da zai wuce shinge sai an ba da izini. Jandarma biyu na zaune a ƙofa. Wai saboda abin da ya faru a bakin iyaka ne. Ba wanda ya faɗa mana abin da ya farun.

Talata, 20 ga Oktoba, bayan la'asar

Tsahara, matar Alkasum, ta kawo mini tuwon gero da kanta. A da Alkasum ke ɗauko kwanon, mu ci tare a ƙofar ɗakina. Ta tsaya a bakin zana, ba ta shigo ba. Ta tambaye ni ko na gan shi a can. Na ce na ga takalmansa a bakin wata ƙofa. Ta ce ko ana ba su abinci, na ce ana ba su, ban kuwa sani ba. Sai ta ce me suka tambaye ni har kwana biyu. Na ce maganar tsuntsaye ce kawai.

Ta ce, "To, Allah shi kyauta, Malam Rabilu." Ta tafi.

Laraba, 21 ga Oktoba, da safe

Balbela tara. Tuwon jiya na ba karen Dirakta.

Alhamis, 22 ga Oktoba, hantsi

Baba Na'Allah mai lambun lakwal ya same ni zaune gindin bagaruwa. A tafkin yake ɗiban ruwan yakuwarsa da albasa. Shi kowane malami Mushe yake ce masa, irin na Faransanci. Ya ajiye tulu ya ce, "Mushe, mi kake ƙirga, ga shi an ɗauke madubin?" Haka ne, sun tafi da madubin hange na Alkasum da kayensa. Da ido kawai nake dubawa, in tsuntsu ya sauka a ɗaya gefen sai in yi ta matse ido kamar tsoho.

Ya ce shamuwar da ta yi sheƙa a kukar ƙofa ta tashi tun wancan mako, babu wanda ya lura. Ya kuma nuna mini baƙon nan, ɗan ƙaramin mai launin ƙasa da farin ciki, wanda ba ya daina kaɗa gindi in yana tafiya a bakin ruwa. Ba mu san sunansa da Hausa ba. Alkasum ya ce daga bayan teku yake zuwa kowace shekara idan gero ya nuna. Na'Allah bai taɓa yarda ba. Ya ce abin da bai kai tafin hannu ba ina shi ina teku. Sun shekara biyu suna wannan gardamar. Yau ya dube shi ya ce, "Baƙon Mushe ya zo, Mushe ba ya nan."

Juma'a, 23 ga Oktoba, bayan azahar

Ba a bar mu mu je masallacin Juma'a ba. Mun yi azahar a inuwar ajin ɗaya. Da na zo, hira ta mutu. Da aka sallame kowa ya ɗauki buzunsa da sauri. Na ji wani yana cewa a hankali, mutum biyu suka tafi, ɗaya ya dawo da ƙafarsa. Ban waiwaya ba, amma na san muryar.

Zakaran ƙeƙuwa biyu, sun yini suna ihu ba dalili.

Lahadi, 25 ga Oktoba, da yamma

Mako uku ke nan cif. Ranar nan mun hau kekuna tun da sanyin safiya, muka bi ta Tsarnawa muka gangara wata fadama kusa da iyaka, don an ce gauraka sun sauka. Sun sauka kuwa, ashirin da uku. Alkasum ya yi ta murna kamar an yi masa haihuwa. Muka ci ƙuli-ƙuli, muka sha ruwan salka.

Iyakar abin da zan rubuta a kan ranar ke nan.

Litinin, 26 ga Oktoba, ƙarfe goma

Motar jandarma ta zo. Na tsaya bayan ƙofa da takalmina a hannu. Ba don ni ba ne. Gidan Alkasum suka sake bincikewa, suka fito da rediyo da wasiƙu.

Laraba, 28 ga Oktoba, da safe

Balbela goma sha ɗaya. Zalɓe ɗaya, shi ne dai. Baƙo biyu yanzu.

Wanda ya yi mini tambayoyi a can wani ajidan ne, hafsan jandarma, gajere, mai magana a hankali. Bai zage ni ba. Ya buɗe kayen Alkasum a kan tebur, ya ce in bayyana masa lambobin: sha huɗu daga gabas, ƙarfe bakwai; talatin sun nufi kudu, ƙarfe tara. Na ce tsuntsaye ne. Ya ce wane irin mutum mai hankali ne zai ƙirga balbela shekara biyu. Ni ma na sha yi wa Alkasum wannan tambayar.

Ya ce ranar Lahadin nan muna tare duk yini? Na ce muna tare. Ya sake tambaya, na sake faɗa. Sai ya juya shafi ya turo mini, ya ɗora yatsa. Daga ƙarfe goma sha ɗaya zuwa ƙarfe biyu rubutun ba na Alkasum ba ne. Nawa ne. Ina ja wa bakwai ɗina layi a tsakiya, shi ba ya yi.

Rana ta yi zafi, zan koma ɗaki.

Alhamis, 29 ga Oktoba, magariba ta kusa

Kirinjijiya talatin da ɗaya, da fitonsu, suka zagaya tafkin sau biyu suka sauka. Ban motsa ba har ƙafata ta yi tsami. Ba su daɗe ba. Sun tsallake waya sun yi yamma.

Na rubuta wa Goggo wasiƙa zuwa Illela, in ji ko an gama yankan gero. Jandarman ƙofa ya ce ba a fita da takarda sai ta hannun Dirakta. Tana nan a aljihuna.

Asabar, 31 ga Oktoba, bayan la'asar

Tsahara ta zo da farar takarda da ta samo cikin kayan mijinta. Tana so in rubuta mata roƙo da Faransanci zuwa ga kumandan, mai mulkin yankin. Na fito da tabarma, ta zauna nesa, tana faɗa ina rubutawa. Cewa mijinta bai taɓa shiga harkar kowa ba. Cewa daga aji sai tafki. Cewa uwarsa tsohuwa ce, shi kaɗai gare ta.

Sannan ta ce, "Ka sa cewa Malam Rabilu shaida ne, suna tare tun safe har suka dawo."

Na sunkuyar da kai na motsa alƙalami. Abin da na rubuta a wurin shi ne tana roƙon Allah ya ƙara wa kumandan lafiya. Ba ta iya karatun boko ba. Na shafa mata tawada a babban yatsa ta dangwala. Ta yi mini godiya har sau uku, ta ce Alkasum bai yi zaɓen aboki a banza ba.

Lahadi, 1 ga Nuwamba

Ban je tafki ba.

Litinin, 2 ga Nuwamba

Ban je ba.

Talata, 3 ga Nuwamba, ƙarfe bakwai na safe

Balbela shida. Ruwa ya ja da baya kamar taku huɗu, laka ta fara tsagewa.

Bari in rubuta, in an kama kayen a kama.

Ƙarfe goma sha ɗaya Alkasum ya miƙo mini madubi da kaye, ya ce in riƙe ƙirgar, yana da ɗan uzuri. Ban tambaye shi ba. Ƙarfe biyu ya dawo yana gumi, da ƙunshi a shuɗin tsumma ɗaure bayan keke. Na ce mene ne, ya yi dariya ya ce ba na malaman lissafi ba ne.

Da ajidan ya kama ni da ƙarya, aka tsayar da ni a rana tun hantsi har la'asar. Washegari ma haka. Da aka shigo da ni ya ba ni ruwa, ya ce tunda na yi masa ƙarya sau ɗaya, ni da Alkasum laifinmu ɗaya, sai dai in na gyara. Ya ce wane gefe ya nufa. Na ce kudu. Ya ce ya dawo da wani abu? Ban san sun sani ko ba su sani ba. Babu ƙunshi a kaye, babu wanda ya gani sai ni. Na ce ya dawo da ƙunshi. Ya ce me ke ciki, na ce ban sani ba. Ya rubuta, na sa hannu, aka sa ni a mota.

Duk abin da na faɗa gaskiya ne. Kwana goma sha takwas ina gaya wa kaina haka.

Alhamis, 5 ga Nuwamba, hantsi

Na'Allah ya zo ɗiban ruwa a makare. Ya ce matarsa tana gidan Tsahara tun asuba, Tsahara ba ta jin daɗi. Na ce zazzaɓi ne? Ya dube ni kamar yana auna ko ya faɗa. Ya ce juna biyu gare ta, wata biyar. Uku sun zube a baya, duk a irin wannan lokacin. Ni da nake cin tuwon gidan shekara biyu ban san ko ɗaya ba.

Yana cika tulu ya ce, "Abin tsoron, maganin da Mushe ya ɗauko mata ƙetare ya yi rabi, ga shi babu mai komawa."

Na ce wane magani. Ya ce na wata tsohuwa ce a wani ƙauye bayan iyaka, dangin uwar Alkasum, wadda mata ke zuwa wurinta kan ɓari. Tsahara ta yi ta roƙonsa wata biyu kafin ya yarda. Alkasum ya ce kada kowa ya ji, don shi ne mai tsayawa gaban aji yana cewa a je likita a bar sassaƙe.

Na ce a cikin me aka ƙunso shi. Ya ce shi ina ya sani, ba shiga ɗakin mata yake yi ba.

Na zauna a wurin har inuwar bagaruwa ta bar ni.

Juma'a, 6 ga Nuwamba, bayan la'asar

Na je. Na yi sallama a ƙofar gida, matar Na'Allah ta leƙo, na ce Tsahara nake son gani in za ta iya tashi. Ta fito tana dafa bango, ta zauna a kan turmi. Na tsuguna daga waje. Na faɗa mata duka, tun daga bakwai mai layi har ƙunshi. Ban ɗaga kai ba.

Ta saurara har na gama. Sannan ta ce, "Takardar da na dangwala fa? Ka sa shaidar?"

Na ce ban sa ba.

"Kana kallona ina yi maka godiya."

Na ce haka ne.

Ta tashi ta shiga. Na ɗauka shi ke nan. Sai ta fito da shuɗin tsumman, daga cikin tukunyar gero ta ciro shi, shi ya sa masu bincike ba su gani ba. Ta kwance a gabana. Sassaƙe ne da saiwoyi da wani jan gari a ƙullin ganye. Matar Na'Allah ta ce ta rage na sha, ta ba da tsumman da ɗan kaɗan. Tsahara ta ce in suka ga ɗan kaɗan za su ce an ɓoye sauran. Ta ɗebi na kwana uku kawai a murfin kwano, ta ɗaure ragowar ta ajiye a ƙasa tsakaninmu.

Ta ce, "Kai ka hwaɗa musu akwai shi, kai za ka kai musu su gani. Ni da cikin, sai abin da Allah ya yi."

Asabar, 7 ga Nuwamba, ƙarfe sha ɗaya

Dirakta ya rufe ƙofar buro, ofishinsa, kafin ya amsa. Ya ce wanda Allah ya fitar daga can bai kamata ya nemi komawa ba, kuma shi ba zai sa sunansa a wannan magana ba. Ya ce in yi tunanin aikina. Ban ga laifinsa ba.

Daga nan na wuce ƙofa na gaya wa jandarma a sanar da ajidan ina da ƙarin bayani. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce na tabbata? Na ce na tabbata. Ban tabbata ba.

Lahadi, 8 ga Nuwamba, da safe

Balbela huɗu, baƙo ɗaya. Na wanke rigata. Na ba Na'Allah wasiƙar Goggo da wannan kayen ya riƙe.

Laraba, 11 ga Nuwamba, bayan azahar

Na dawo jiya.

Ajidan ya kwance tsumman da bakin alƙalami. Ya shinshina, ya kira wani tsohon mai shara ya duba. Tsohon ya ce maganin mata ne, matarsa ma ta sha irinsa. Ajidan ya ajiye alƙalamin. Ya ce tun ranar farko abin da Alkasum ke faɗa ke nan, amma ya ƙi faɗin sunan ƙauyen da na tsohuwar, ya ce ba zai jawo mata mota ƙofar gida ba. Ya tambaye ni ko na san sunan. Ban sani ba, kuma na gode wa Allah da ban tambayi Na'Allah ba.

Na roƙe shi ya bar ni in maida maganin, mai shi tana kwance. Ya ce ya zama shaida, zai bi takardu. Ya ce maganar ta riga ta wuce hannunsa, amma zai aika. Na sake sa hannu. Na kwana a benci, ba wanda ya taɓa ni. Takalman Alkasum ba sa bakin ƙofar.

Juma'a, 13 ga Nuwamba

Zalɓen ya tafi. Ko dai ruwan ya yi masa kaɗan.

Lahadi, 15 ga Nuwamba, da yamma

Matar Na'Allah ta yini tana shiga da fita gidan Tsahara da ƙwarya. Na zauna inda nake iya hango ƙofar. Ban ƙirga komai ba. Wajen la'asar Na'Allah ya biyo ta gabana da fartanya a kafaɗa, bai tsaya ba, ya ce, "Cikin ya tsaya, da ikon Allah."

Talata, 17 ga Nuwamba, da safe

Kurciyoyi da yawa, da hasbiya. Shirwa ta kawo sura sau biyu ba ta samu ba. Na'Allah ya fara haƙa rami a tsakiyar laka don ruwan albasa.

Tun ranar ba a kawo tuwo daga gidan ba. Ina dafa wake da kaina.

Asabar, 21 ga Nuwamba, ƙarfe tara

Jandarman sun naɗe tabarmarsu, mota ta ɗauke su. Dirakta ya ce an ɗage umarnin, yara za su dawo ƙarshen wata. Malamai sun hau kekuna sun yi Ƙonni gaba ɗaya. Na fita har bakin hanya, na tsaya wata babbar mota ta wuce, na dawo. Illela na nan, amma in na tafi ya zo fa?

Asabar, 28 ga Nuwamba, bayan la'asar

An kawo shi da hantsi, a bayan kamyo, babbar motar kaya, da soja ɗaya. An ba shi awa guda ya kwashe kaya. An sallame shi daga koyarwa, zai zauna ƙauyensu wajen Bazaga, kowace Litinin ya je ya nuna kansa.

Da farko ban gane shi ba. An aske kansa, rigar ta yi masa yawa, yana juya gefen dama in ana magana. Tsahara ba ta yi kuka ba. Ta kawo masa ruwa a moɗa, ta riƙe masa ya sha, don yatsunsa a naɗe suke da tsumma. Malaman da suka rage suka gaishe shi daga nesa. Ni da Na'Allah muka yi ta ɗora kaya: gado, turmi, akwati, tukwane. Bai dubi wajen tafki ba, ni ma ban yi masa maganar ba.

Da aka gama na tsaya ta gefen kunnen da ke ji. Na ce, "Alkasum, ni na ce kudu. Ni na faɗi ƙunshin."

Ya ce, "An karanta mini, da sa hannunka. Sau biyu aka karanta mini, na fari da na baya." Ya dubi ƙafarsa. "Kudu na tafi, Rabilu. Ba ka ƙara komai ba."

Na ce ya yafe mini. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Ya ce ya gaji. Na miƙa hannu, sai na tuna yatsun. Ya miƙo mini tsintsiyar hannunsa, na riƙe da hannu biyu har sojan ya ce lokaci ya yi. Muka ɗaga shi muka ɗora a kan katifa. Tsahara ta shiga gaba. Ta yi wa Na'Allah da matarsa ban kwana ɗaya bayan ɗaya. Ni ta dube ni ta ce, "A sauka lahiya," kamar ni ne mai tafiyar.

Lahadi, 29 ga Nuwamba, da yamma

Yara sun fara isowa da akwatunan ƙarfe, suna ta hayaniya a ɗakin kwana. Uku sun tare ni sun tambayi Mushe Alkasum. Na ce ya koma gida.

Dirakta ya kira ni ya ce ba za a turo wani ba sai baɗi, ni zan riƙe ajinsa daga gobe. Ya ba ni mabuɗin kabad da alli rabin kwali. Ya ce in ɗora daga inda ya tsaya. Na buɗe kabad ɗin, babu komai, masu bincike sun kwashe takardun darasinsa duka. Gobe ƙarfe takwas sai dai in tambayi yaran inda ya tsaya.